Kufan Jado da Ruwan da Bai Ƙafe Ba: Tambayoyi da Amsoshi

A can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, inda yashin Tenere ya ƙare duwatsu suka fara, akwai wani tsohon birni a kan tsauni mai suna Jado. Ganuwarsa na tsaye, ɗakunansa sun hau kan juna kamar saƙar zuma, amma babu hayaƙin girki, babu kiran salla. A gindin tsaunin kuwa ga ruwa kwance, ga dabino kore shar. Duk wanda ya ga hoton wurin sai ya yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su nan da amsoshinsu.

A ina Jado yake?

Yana cikin jihar Agadas, a gundumar Bilma, fiye da kilomita 1,300 daga Yamai. Yana bakin kudu na wani faffaɗan tudun duwatsu da shi ma ake kira Jado, wanda ya miƙe arewa zuwa iyakokin Libiya da Aljeriya. Idan ka yi kudu daga nan za ka faɗa jerin dausayin Kawar: Segedin, Anai, Dirku, har Bilma. Gari mai rai mafi kusa da kufan shi ne Shirfa, kuma can ne mazaunin ƙaramar hukumar da har yau take ɗauke da sunan Jado. Akwai wani kufan ƙarami a arewa da shi, ana ce masa Jaba, ginin iri ɗaya, tsayuwar iri ɗaya.

Me mutum zai gani idan ya isa?

Abu na farko dabino ne, domin shi ido zai fara kamawa bayan kwanaki ana kallon yashi da baƙin dutse. Sai ka matso ka ga tsaunin, sannan ka lura ashe rabinsa gini ne. Launin katangar da launin dutsen ɗaya ne, har ba ka iya cewa ga inda dutse ya tsaya, ga inda hannun magini ya fara.

A ciki lunguna ne matsattsu, wasu sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Ƙofofin gajeru ne, dole ka sunkuya. Ɗakuna ƙanana, da yawansu ba na kwana ba ne, rumbunan ajiyar dabino da hatsi ne. Rufin da aka yi da gungumen dabino galibi ya rufta, ya bar ramukan da kawunan itatuwan suka zauna a bango. Idan ka shafa katangar za ka ji ta da kaushi, ka ga farin gishiri ya fito mata kamar kanwa a jikin tukunya. Daga sama, inda masu tsaro suke tsayawa a da, ana hango duk wanda ya nufo garin tun yana nesa ƙwarai.

Da me aka gina shi, har ya daɗe haka?

Da dutse da laka mai gishiri. Ƙasar wurin cike take da gishiri, idan aka kwaɓa ta ta bushe sai ta yi tauri kamar dutse. A ƙasar da ake shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, irin wannan gini yana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Haka tsofaffin gidajen Bilma da na garin Fashi, da ke yamma da ita, suke.

Gini da gishiri tsohuwar al'ada ce a Sahara. A 1352 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya ratsa ta Tagaza, a arewacin Mali ta yau, ya tarar da gidaje da masallaci an gina su da allunan gishiri, an rufe da fatun raƙuma, ruwan garin zartsi, ƙuda ya yi yawa. Ita ma Tagaza kufai ce yau.

Daga ina ruwa yake fitowa a wurin da ba a ruwan sama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗin amsawa. A yankin Bilma ruwan saman da ake samu a shekara bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. Kano kuwa tana samun fiye da milimita 700. Saboda haka ruwan da ke gindin Jado ba na daminar bana ba ne, ba kuma na bara ba.

Sahara ba haka take ba tun fil azal. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina tana hawa arewa sosai fiye da yanzu. Akwai ciyawa, akwai ƙoramu da tafkuna a inda yau babu ko tsiro, Tafkin Cadi kuma ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Kafin wannan ma an yi wasu zamunan masu ruwa. Ruwan da aka zuba a lokutan nan ya nutse cikin wani irin dutse na yashi mai shan ruwa kamar soso. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar laka da dutse mai tauri da ba sa barin ruwa ya wuce, sai ya taru ya zauna, yana gangarawa a hankali zuwa inda ƙasa ta fi zurfi. Gindin tudu, inda dutse ya yanke ƙasa ta faɗa, nan ne ruwan yake kusantar sama. Wani wuri ya ɓuɓɓugo da kansa ya zama idon ruwa, wani wuri ya tsatso ya kwanta kamar fadama, wani wuri kuma sai an tona kamu biyu ko uku a same shi. Shi ya sa garuruwan Kawar duk suka jeru a layi ɗaya a gindin dogon dutse: layin ruwan suka bi.

Akwai shaida sananniya a kan yadda ruwa yake ɓoye a ƙarƙashin wannan yashi. Itacen nan guda ɗaya tilo da ya yi suna a tsakiyar Tenere, wanda ayari suke yada zango a gindinsa, da aka haƙa rijiya kusa da shi an tarar jijiyoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Wata babbar mota ce ta buge shi a 1973, gangar jikinsa yanzu tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wannan ruwa ajiya ce ta da. Abin da ake ɗiba ba ya dawowa da saurin da aka ɗebe shi. Irinsa ne Libiya ta fara aikin janyowa da manyan bututu a 1984, daga kudancin ƙasar zuwa biranen bakin teku.

Ana shan ruwan?

Na tafkunan da ke fili zartsi ne. Ruwa idan ya fito ya kwanta a rana mai zafi irin ta can, tururi yana tashi, gishirin da ke narke a ciki yana zama, shekara bayan shekara, har bakin tafkin ya yi fari. Dabino yana jure wannan, wasu ciyayin fadama ma haka. Na sha kuwa a rijiya ake nemansa, inda rana ba ta taɓa shi ba. A Kawar abu ne da aka saba gani, rijiyar ruwan daɗi a nan, ramin gishiri a can, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci.

Su wa suka gina birnin?

Labarin baka na yankin yana danganta tushensa da Sawo, mutanen da tatsuniyoyin ƙasar Barno suke kwatantawa da ƙattai masu ƙarfin gaske, waɗanda suka riga Barebari zama a kewayen Tafkin Cadi. Wasu masana tarihi kuma sun lura da kamar sunan da na wani gari, Jadu, a duwatsun Nafusa na Libiya, da kuma yadda ginin rumbuna a kan tsauni ya yi kama da na Barbar na arewa. Ƙabilar Tubawa, makiyayan yankin, suna kiran wurin da nasu sunan, Birawo.

Mutanen da tarihi ya tarar a cikin ganuwar dai Barebari ne. Su ne mazauna garuruwan Kawar, masu dabino da ramukan gishiri, yayin da Tubawa suke kewaye da su da raƙuma da awaki, ana auratayya, ana ciniki, wani lokaci ana faɗa.

Me ya kai mutane zama a irin wannan wuri tun farko?

Hanya ce. Daga Tarabulus a bakin teku, a bi ta Murzuk a ƙasar Fezan (kudancin Libiya ta yau), a gangaro Kawar, a wuce Bilma zuwa Tafkin Cadi: wannan tana cikin tsofaffin hanyoyin ratsa Sahara, kuma ta fi wasu sauƙi domin rijiyoyinta ba su yi nisa da juna ƙwarai ba. Marubutan Larabawa sun ambaci Kawar tun da wuri. Sun rubuta cewa Uƙba ɗan Nafi'u ya iso yankin da rundunarsa wajen shekarar 666, Al-Idrisi kuma ya yi bayanin garuruwansa a ƙarni na 12. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, ikon daular Kanem ya miƙe ta wannan hanya har Fezan. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya tura jakadu zuwa ga sarkin Turkawa ta Tarabulus, kuma tsaron hanyar yana cikin manyan abubuwan da ya sa a gaba.

Jado yana gefen yamma da babbar hanyar, a reshen da ya nufi garuruwan Gat a Libiya da Janet a Aljeriya. Wanda ya mallaki ruwa da dabino a irin wannan mararraba ya mallaki abin da kowane matafiyi yake buƙata.

Dole a faɗi abin da aka yi ta ɗauka a kan wannan hanya. Ana shigo da dawaki, tufafi, takarda da makamai daga arewa. Abin da ya fi yawa a cikin kayan da ake fita da su kuwa bayi ne, 'yan Adam da aka kamo daga kudu, aka kora su a ƙafa. Turawan da suka bi hanyar a 1822 da 1823, Denham da Oudney da Clapperton (wanda daga baya ya iso Kano da Sakkwato a 1824), sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka gani a warwatse a kewayen rijiyoyi. Duk mai sha'awar kyan waɗannan katangu ya kamata ya san wannan ma yana cikin tarihin yankin.

Akwai alaƙa tsakanin yankin da ƙasar Hausa?

Akwai, kuma tana cikin bakinmu. Gishirin da muke ce wa balma sunan Bilma ne. Kantun gishirin nan mai kama da turmi da aka kife, launin ƙasa-ƙasa, wanda makiyayi yake saya a kasuwa ya fasa wa shanunsa su lasa, daga ramukan Bilma da Fashi ake yo shi. Ana zuba kwaɓin gishiri a cikin kwarmin gungumen dabino, a kife shi a ƙasa, rana ta busar.

Abzinawa ne suke ɗauko shi. Bayan damina ayari yakan tashi daga duwatsun Abzin, madugu a gaba, ya ratsa Tenere ɗauke da geron Damargu da na ƙasar Hausa, ya komo da gishiri da dabino, sannan ya gangaro kudu har kasuwannin Damagaram da Kano. A farkon ƙarni na 20 an ƙirga ayarin da ya kai raƙuma dubu 20. A lura da gero a cikin wannan lissafi. Dausayin Kawar ba ya noma hatsin da zai ciyar da mutanensa. Dabino da gishiri suke bayarwa su karɓi abin tuwo. Ma'ana, cikinsu yana rataye ne a wuyan raƙumin wani.

To in ruwa bai ƙafe ba, me ya kori mutane?

Yawancin mutane da sun ji an ce kufai a hamada sai su ɗauka ƙishirwa ce ta tashe shi. Jado ya mutu ne ruwa na kwance a gindinsa. Abubuwa da dama ne suka taru a kansa, kuma a hankali suka cinye shi.

Na farko rashin tsaro. Muddin Barno tana da ƙarfi, akwai wanda ake jin tsoro a hanyar. A tsakiyar ƙarni na 18 Abzinawa suka rinjayi Barno a Kawar, cinikin gishiri ya koma hannunsu. Daga nan ƙananan garuruwan dausayi suka zama abin kai wa hari daga kowace kusurwa: mahara daga Abzin, mahara daga duwatsun Tibesti, sannan a ƙarni na 19 Larabawan Aulad Sulaiman da suka gangaro daga Fezan. Yanayin ginin ma ya ba da labarin. Ba wanda zai bar fili ya hau tsauni, ya matse lungunsa, ya gajarta ƙofarsa, ya kai rumbunsa can ƙoli, sai wanda ya saba ganin ƙura ta taso da asuba. Ganuwa tana kare rai na 'yan kwanaki, amma dabino a waje yake, raƙuma a waje suke. Idan aka kwashe amfanin shekara sau ɗaya, sau biyu, sau uku, mai iyali zai fara tunanin inda zai koma.

Na biyu mutuwar hanya. A ƙarni na 19 aka matsa wa cinikin bayi a Tarabulus har ya durƙushe. Kayan Turai suka koma shigowa ta teku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano daga Legas a 1911, fataucin ratsa Sahara ya zama abin da ba ya biyan wahalarsa. Faransawa sun kama Bilma a 1906, daga baya suka kafa bariki a Shirfa, aka ja iyakoki tsakaninsu da masu mulkin Libiya. Garin da ke gefen hanya tun asali, shi ne na farko da ƙafa take ɗaukewa daga gare shi. Bilma da Fashi sun rayu domin suna da gishirin da kudu take buƙata har gobe. Jado ba shi da abin da zai sa ayari ya karkato dominsa.

Na uku shi ne ruwan kansa.

Wai da gaske akwai sauro a tsakiyar hamada?

Akwai, kuma mai yawa. Ruwa ne kwance, ba ya gudu, ga ɗumi, ga ciyawa a bakinsa, ga inuwar dabino. Abin da sauro yake nema ke nan. Da rana wurin shiru, ba ka jin komai sai iska a cikin ganyen dabino. Da rana ta faɗi sai su taso daga fadamar gaba ɗaya. Matafiya da yawa sukan ƙi kwana a bakin tafkin, su ja baya can cikin yashi inda iska take kaɗawa.

Zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana cin mutanen wurin, tun ba a san sauro ne ke kawo shi ba, domin sai a 1897 aka tabbatar da haka. Gari mai jama'a da wadata yana iya jure ciwo. Garin da hari ya rage masa mutane, yunwa ta raunana sauran, zazzaɓi yana ƙarasa shi ne kawai. Waɗanda suka rage suka koma Shirfa da sauran garuruwan Kawar. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 birnin da ke kan tsauni ya zama kufai.

Yanzu ba kowa ke nan?

A cikin ganuwar ba kowa. Dabinon kuwa yana da masu shi. Kowace bishiya an san ta gidan wane ce, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona. Idan ya nuna, a ƙarshen zafi, iyalai, yawancinsu Tubawa, sukan zo su kafa bukkoki na ganyen dabino a gindin tsaunin, su yi 'yan makonni. Maza su hau su sare nonon dabinon, mata da yara su tsince, a shanya, a ɗura a buhu. Da an gama sai a watse, a bar wurin ga sauro da iska. A ganina wannan ne ya sa bai dace a ce Jado ba shi da magada ba. Magadan suna nan, kwana ne kawai ba sa yi.

Shi ne Jadon da aka yi ta zuwa haƙar zinariya?

Yankin ne, amma ba a cikin kufan ba. A watan Afrilu na 2014 labari ya bazu cewa an samu zinariya a filayen da ke yankin, kusa da saman ƙasa, wadda na'urar gano ƙarfe take iya nunawa. Cikin 'yan watanni dubban mutane suka cika wurin, daga Nijar, Cadi, Sudan, Libiya da Najeriya, har da samarin ƙasar Hausa da dama da suka sayar da abin hannunsu suka yi kuɗin mota. Aka kafa garuruwan tanti da buhu a inda babu ko inuwa. Ruwa ya zama haja, ana kai shi da mota ana sayarwa da tsada. A 2017 gwamnati ta rufe wurin, jama'a da yawa suka koma wasu mahaƙan, irin na Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya.

Abin yana taɓa zuciya idan aka jera su: birnin da ya yi ɗaruruwan shekaru saboda ruwa, da sansanin da ya cika saboda zinariya aka kuma rufe shi cikin shekara uku, duk a ƙasa ɗaya.

Ina batun zanen dabbobi a jikin duwatsu?

Suna nan da yawa a kwazazzaban tudun Jado: giwa, raƙumin dawa, karkanda, jimina, da garken shanu masu dogayen ƙaho. Sun girmi birnin da dubban shekaru. Mutanen da suka sassaƙa su sun ga dabbobin ne da idonsu, a zamanin da ƙasar take kore. Ruwan saman da ya shayar da waɗancan giwaye, irinsa ne yake tsatsowa yau a gindin dabino.

Ana kula da wurin kuwa?

Ba yadda ya kamata ba. A 2006 Nijar ta sa tudun Jado da kufansa a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma har yanzu a jerin jira suke. Tawayen da aka yi a arewacin ƙasar a shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da rikicin Libiya tun 2011, sun kori masu yawon buɗe ido da masu bincike.

Babban abokin gaban ginin shi ne ruwan sama. Abin da ya sa katangar ta yi ƙarfi shi ne yake sa ta narke: gishiri ne. Ruwa ɗaya mai ƙarfi yana iya yin ɓarnar da iska ba ta yi ba a shekara hamsin. A 2006 aka yi irin wannan ruwa a Bilma, gidaje masu yawa suka zube. Gidan da ake ciki ana yaɓe shi bayan ruwa. Kufai ba mai yaɓe shi. Abin da ya fi gaggawa a ra'ayina shi ne a auna ginin ɗaki-ɗaki, a ɗauki hotonsa, a kuma zauna da tsofaffin Shirfa, Barebari da Tubawa, a naɗi abin da suka ji daga kakanninsu tun suna raye.

Mutum zai iya zuwa ya gani?

Zai iya, amma ba tafiyar ganin dama ba ce. Daga Agadas ake tashi, da izinin hukuma, a cikin jerin motoci masu rakiyar soja zuwa Dirku, daga nan a yi arewa ta Segedin zuwa Shirfa. Babu kwalta. Ana buƙatar mota mai ƙarfi fiye da ɗaya, da direban da ya san yashin, da man fetur da ruwa na kwanaki. Akwai 'yan fashi a hanyar, kuma yanayin tsaro yana canzawa, don haka a tambayi hukumomin Agadas kafin a ɗaura niyya. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa, sai dai a riƙe bargo domin daren can yana da sanyi ƙwarai. A riƙe gidan sauro da maganin zazzaɓi. Idan an isa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, kada a hau kan katanga, kada a ɗauko ko da guntun fasasshiyar tukunya, kuma a nemi izini kafin a tsinki dabinon mutane.